Hausar Kanikawa a Jos: Darasi Daga Gyaran Makullin Bonet

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Na shekara uku ina karatun Hausa, ina iya fayyace gaɓa da karin sauti a kan allo, amma kalma ɗaya tak ta kusa jefa ni da Baffana da wasu mutum uku cikin rami a Hawan Kibo. Kalmar kuwa ba baƙuwa ba ce, ita ce "shiga". A wannan muƙala zan kawo abin da ya faru da yadda aka yi gyaran, sannan in yi tsokaci a kan Hausar da na ji a gareji ta fuskar tsarin sauti da ƙirar kalma da ma'ana da kuma aikatau. Manufata ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa Hausar rukuni tana da ƙa'idojinta, kuma wanda bai san su ba yana iya yin asara ko da Hausa ya sha a nono.

2.0 Motar da Garin

Motar Baffa Peugeot 504 ce, wadda Bahaushe yake kira Fijo. An fara fitar da wannan samfuri a Faransa a 1968, ya kuma ci lambar motar shekara ta Turai a 1969. A shekarar 1969 ɗin aka fito da 'yar'uwarta mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. Irin wannan mai ƙofa biyu ce Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da ita a 1978. A Nijeriya kuwa, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Shi ya sa ta zama motar ma'aikatan gwamnati da ta 'yan tasha, har kusan kowane tsohon bakanike da ita ya koyi aiki.

Shi kuma garin Jos haƙar kuza ce ta raya shi tun farkon ƙarni na 20. Aikin kuza da jirgin ƙasa, wanda babban layinsa ya iso garin a 1927, sun tara Hausawa da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarabawa da sauran al'ummu a wuri guda, Hausa ta zama harshen ciniki a tsakaninsu. Duk wanda ya shiga wajen masu kayan gyara a Dilimi zai ji shaidar haka da kunnensa.

3.0 Abin da Ya Faru

A wani dogon hutu makullin bonet ɗin motar ya karye, Baffa ya yi kwanaki yana ɗaure shi da igiya. Da tafiyar biki ta taso mana zuwa Lafiya, sai ya ba ni kuɗi ya ce in je Dilimi in sayo wani. Ban ɗauki karyayyen na tafi da shi ba, don a ganina sunan abin ya wadatar.

Na ce wa mai shagon ina son makullin bonet na Fijo. Ya ce, "Na sama ko na ƙasa?" Na yi jim, na ce na ƙasa. Ya duba, ya ce na Fijo ya ƙare, amma ga wani nan. Na tambaye shi ko zai yi. Ya ce, "Zai shiga." Na biya, na dawo gida ina murna, na ɗaura shi da kaina da notocin da ya zo da su. Ya kuwa shiga. Na rufe bonet na ji ƙas, na ce wa Baffa aiki ya kammala.

Kwana biyu muna yawo da motar cikin gari lafiya lau. Ranar tafiya muka bi ta Bukuru, muka isa Hawan Kibo, inda hanyar Akwanga take gangarowa daga kan tsauni tana lanƙwasa. Muna tsakiyar gangara motar ta faɗa wani ɗan rami, sai bonet ya yi tsalle ya ɗago kamar faɗin yatsu uku, yana kaɗawa. Mata suka ɗauki salati. Baffa ya rage gudu a hankali har ya sami gefen da zai tsaya. Wata 'yar ƙugiya ce kawai ta riƙe bonet ɗin. Da ta saki, da iska ta kifa shi a kan gilashi, direba ya daina ganin gabansa a wurin da ko mai ido biyu sai ya yi da gaske. Muka koma ga igiya, aka je biki aka dawo a haka. Baffa bai ce mini komai ba a hanya, shirun nan kuwa ya fi mini faɗa ciwo.

4.0 Sassan Makullin da Sunayensu

Washegari muka kai motar wajen wani dattijon bakanike da yaransa suke kira Oga. A nan na gane cewa abin da nake kira makulli abubuwa ne guda biyar:

(a) Namiji: ƙarfe ne mai kai kamar tsinin alkaki da siririn wuya, yana jikin bonet, da sifirin a kewaye da shi.

(b) Mace: ita ce take jikin motar a gaban lagireto. Tana da baki inda namijin yake faɗawa, da wani ɗan faifan ƙarfe da suke kira harshe, wanda yake maƙale wuyan namijin.

(c) Waya: ita ce direba yake ja daga cikin mota, ta janye harshen.

(d) Ƙugiya: mataimakiya ce da ake turewa da hannu bayan an ja waya. Ita ce ta cece mu.

(e) Roba: ƙananan madogarai ne a kusurwoyi, waɗanda bonet yake zama a kansu don kada ya yi ƙara.

Ashe tambayar "na sama ko na ƙasa" tana nufin namiji ko mace.

5.0 Yadda Aka Yi Gyaran

Oga ya leƙa, ya ce, "Alhaji, wa ya ɗaura maka wannan?" Baffa ya ce, "Ɗanka ne, ga shi nan tsaye." Oga ya ce wa yaronsa, "Miƙo sha uku." Ya sa sifanar a kan noti ta zame. Ya ce, "Kawo sha biyu." Ta zauna daram. Sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan matar ai ba 'yar gidan nan ba ce, daga Japan aka auro ta."

Daga baya ya yi mini bayani. Noti mai kaurin milimita 8 kansa yakan zama milimita 13 a motocin Turai, amma a motocin Japan milimita 12 ne, alhali zarensu ɗaya. Shi ya sa notocin suka ɗauru ba gardama. Matsalar tana ga bakin macen, wanda ya fi kan namijin faɗi, harshenta kuma ɗan gefen wuyan kawai yake taɓawa. A titi mai santsi wannan ɗan riƙon ya isa, amma da girgiza ta haɗu da iska sai ya suɓuce.

Wani yaron ya kawo shawarar a faɗaɗa ramukan noti da magagari a matso da macen gefe ɗaya. Oga ya ƙi. Ya ce magagari yana gyara mazauni, ba ya rage faɗin baki, kuma shi ba ya yin dabara a kan birki da sitiyari da makullin bonet. Ya tura yaron wajen 'yan gwangwan, ya ce ya ciro su "mata da miji" daga jikin matacciyar 504 guda ɗaya. Da aka kawo, ga matakan da ya bi:

1. Ya wanke su da kananzir, ya duba sifirin da harshe ko sun cinye.
2. Ya ɗaura macen, amma da hannu kawai ya murɗa notocin, ya bar ta tana ɗan motsi.
3. Ya haɗa waya, ya sa ni na shiga mota na ja sau uku yana kallon harshen yana janyewa yana komawa. Ya ce wanda ya rufe bonet bai gwada waya ba, yana iya kwana yana neman hanyar buɗe shi.
4. Ya shafa giris a tsinin namijin, ya sauko da bonet a hankali har ya taɓa, ya ɗaga. Tabon giris ɗin ya nuna namijin ya karkata hagu kaɗan.
5. Ya matsar da macen, ya sake gwadawa har tabon ya faɗa tsakiyar baki, sannan ya ɗaure notocin tamau.
6. Ya daidaita tsawon namijin ta hanyar murɗa shi, domin idan ya yi gajarta ba zai kai ga harshe ba, idan ya yi tsawo bonet zai riƙa rawa. Ya ɗaure notin da yake tsare shi.
7. Ya daidaita robobin har gefen bonet ya yi daidai da jikin mota.
8. Ya rufe, ya sa hannu biyu ya fizgi bonet ɗin sama da ƙarfi har motar ta girgiza. Bai motsa ba. Ya ja waya, bonet ya ɗago ya tsaya a kan ƙugiya.

Sai ya juyo ya ce mini, "Ɗan makaranta, yanzu ne ya kama."

6.0 Darasi na Farko: Ma'ana

A nan ne na gane kuskurena. Mai shago bai yi mini ƙarya ba. A Hausar kanikawa akwai matakai uku da kowane kayan gyara yake bi, kowane da aikatau nasa:

- shiga: ramuka da zare sun dace, abin ya ɗauru a wurin;
- zauna: ya kwanta daidai, ba karkata, ba rata;
- kama: yana yin aikin da aka sa shi dominsa.

Abu yana iya shiga bai zauna ba, yana iya zama bai kama ba. A Hausar yau da kullum "zai shiga" da "zai yi" kusan ɗaya ne a kunnen mai saye, amma a wannan rukuni ma'anar "shiga" ta ƙuntata. Na tambayi mataki na uku, aka amsa mini da na farko, ban lura ba.

Kishiyar ƙuntata ma'ana ita ce faɗaɗa ma'ana, ita ma ta cika gareji. Bakanike yana ɗaukar mota tamkar mai rai. Tana da baki da harshe da wuya da haƙora, tana shan mai, tana tashi, tana mutuwa, birkinta yana ci, zaren notinta yana cinyewa. Haka kuma an ɗauko namiji da mace daga halittu an ba ƙarafa biyu masu shiga juna, har Oga ya gina barkwancin aure a kai. Wannan dabara daɗaɗɗiya ce a Hausa, don da ma ita ce ta ba mu kwaɗo na kulle ƙofa.

Ita kanta kalmar makulli tana da harshen damo. An gina ta da ɗafa-goshin ma- da saiwar aikatau kulle da ɗafa-ƙeyar -i, kamar mabuɗi da maɗauri, wato abin da ake yin aiki da shi. Saboda haka tana iya nufin ɗan ƙarfen da ake sa wa a aljihu, tana kuma iya nufin abin da yake jikin ƙofa. Akwai kuma taƙaitawa: "sha uku" a bakin Oga tana nufin sifana mai lamba 13, an shafe sunan an bar adadin, domin kowa a wurin ya san abin da ake ƙirgawa.

7.0 Darasi na Biyu: Aro da Tsarin Sauti

Yawancin sunayen kayan aiki daga Ingilishi aka aro su, amma babu wanda ya shigo Hausa bai sha gyara ba. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkonta ba. Don haka ake samun waɗannan canje-canje:

(a) Saƙala wasali. A asalin kalmar birki, b da r a haɗe suke, Hausa ta raba su da i, ta ƙara wani i a ƙarshe. Haka aka yi wa giris da fulogi da kuloci. Asalin sifirin kuwa da baƙaƙe uku a jere ya fara, shi ya sa aka saƙala wasula biyu.

(b) Musanya baƙi. Sautin p ya koma f a sifana da filaya da fulogi da Fijo. A Fijo ɗin ma, sautin Faransanci na tsakiya wanda Hausa ba ta da shi ya koma j. A lagireto kuwa, r ta farko ta koma l, kalmar ta rabu da maimaita sauti ɗaya.

(c) Ƙarshen kalma. Turawan Ingila ba sa furta r a ƙarshen kalma, kuma daga bakinsu aka fara jin waɗannan sunaye. Shi ya sa muke da sifana da filaya da salansa da bamba da direba, duk da wasalin a a ƙarshe.

Wannan wasali na ƙarshe ya yi tasiri a kan jinsi. Da yake galibin sunaye masu ƙarewa da a mata ne a Hausa, sai sifana da filaya da taya da giya suka zama mata, birki da noti da bonet da lagireto suka zama maza. Direba ya tsira da jinsinsa saboda mutum ne. Wajen jam'i ma kalmomin sun bi tsarin gida: taya, tayoyi, direba, direbobi, mota, motoci, inda t ta ganɗance ta koma c a gaban i.

Misali mafi ban sha'awa shi ne sunan mai sana'ar kansa. Gaɓar farko ta kalmar Ingilishi ta yi wa Bahaushe kama da ɗafa-goshin ba- na Bakano da baduku, sai ya ce bakanike, ya kuma cire ba- ɗin ya yi jam'i da -awa, aka sami kanikawa. Wasu kuma sun ji ta kamar ma- na maƙeri, suka ce makaniki, makanikai. A ƙetaren iyaka kuwa, inda Faransanci ne tushen aro, abin da muke kira fulogi mutanen Maraɗi buji suke ce masa.

8.0 Darasi na Uku: Aikatau Giredi na 7

A tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, giredi na 7 shi ne mai ƙarewa da u, mai karin sauti ƙasa-sama, kuma ba ya ɗaukar karɓau. Ban taɓa jin inda ake amfani da shi kamar gareji ba, domin aikin bakanike duk a kan tambayar ko abu zai yiwu yake. A dubi waɗannan jimloli da na rubuta a ranar:

- Bonet ya rufu.
- Notin ya ɗauru.
- Wannan ba ya gyaruwa.
- Ya yi tsatsa, ba ya kwantuwa.
- In ba ka gwada waya ba, zai rufu ya ƙi buɗuwa.

A shuɗaɗɗen lokaci giredin yana nuna aikin ya auku sosai: "an rufe bonet" labarin abin da mutum ya yi ne, "bonet ya rufu" kuwa shaida ce cewa rufewar ta tabbata. A lokaci mai ci kuma, da siffar -uwa, yana nuna yiwuwa ko rashinta. A lura da kwance da kwantu. Saiwar ita ce kwant-, wasalin e ne ya ganɗanta t ta zama c, da u ya zo sai t ta dawo. Ni a ranar farko na rufe bonet ne, amma bai rufu ba.

9.0 Hausar Garejin Jos

Yaran Oga huɗu ne, biyu daga cikinsu Hausa harshe na biyu ce gare su. A bakinsu na ji "mota na" da "sifana ya faɗi", wato jinsin mace ya ɓace, komai ya koma namiji. Haka kuma ƙ takan koma k, ɗ ta koma d. Da ɗaya ya ce a kawo "bakin mai" yana nufin baƙin mai, na zaci za a rikice da bakin da ake zuba man, amma ba wanda ya rikice. Dalili shi ne bakin na jiki yana da dogon wasali da karin sauti ƙasa-sama, baƙin launi kuwa gajeren wasali ne da karin sama-sama, kuma yaron ya kiyaye waɗannan duk da ya saki ƙ. Abin lura shi ne, wannan yaro da zan iya ci gyaransa a jinsi bai taɓa rikita shiga da zauna da kama ba.

10.0 Kammalawa

An ga yadda gyaran ƙaramin ƙarfe ya fito da batutuwan ƙuntata ma'ana da faɗaɗa ta, da saƙala wasali da musanya baƙi, da jinsi da jam'in kalmomin aro, da aikin giredi na 7, da kuma wasu siffofin Hausar Jos. Shawarata ga ɗalibai ita ce kowa ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, ko walda ko ɗinki ko gyaran waya, ya zauna da masu ita da littafi a hannu. Ya rubuta sunayen kayan aiki, amma ya fi sa kunne ga aikatau, don a nan ma'ana take ɓuya. Tsofaffin kanikawan Fijo suna ƙarewa tare da motocinsu, kuma kalmomi irin su kafireto suna bin su, tunda sababbin motoci ba su da shi. In ba mu rubuta ba, ba wanda zai rubuta mana.

Wanda kuma aka aika sayen kayan gyara, ya tafi da tsohon a hannu, ya sayi namiji da mace daga mota ɗaya, in an ce masa zai shiga ya tambaya ko zai kama. Baffa ya ci gaba da aike na Dilimi, sai dai duk lokacin da zan fita yakan ce, "Malam na Hausa, a dai tambaya da kyau."